Ku Fara da Dutsen Dala

Garwa, ranar Alhamis.

Zuwa ga ɗana Abba, malamin makaranta a Marwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka Hadiza. Mu nan kowa lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya tsare ku a zaune, ya tsare ku a kan hanya. Labarin gida ba zan tsaya ba ka ba. Direban da zai miƙa maka wannan takarda ya fi ni surutu, ka tambaye shi, har wanda ban sani ba zai faɗa maka.

Takardarka ta iso, wadda ka kira furogaram. Da yake da Faransanci ka rubuta, ƙanwarka Zainabu ce ta karanta mini. Kwana huɗu a Kano, wurare goma sha uku, kowane da lokacinsa, har da ƙarfe tara da kwata. Na yi dariya har na sarƙe da goro. Tunda nake ban taɓa jin wanda ya tafi buɗe ido da kwata a aljihu ba. Amma na ji daɗi ƙwarai da ka yi niyyar kai matarka ganin gari a wannan hutu, Allah ya yi maka albarka.

Abu biyu ne suka hana ni sakewa. Na ɗaya, ka sa Dutsen Dala a can ƙarshe, ka rubuta a gefensa wai in an samu lokaci. Na biyu, na sa Zainabu ta maimaita mini takardar daga sama har ƙasa, ban ji wuri ko ɗaya da aka ce Hadiza ce ta zaɓa ba. Ga shi kuma gidan Alhaji Tanko za ku sauka, abokin cinikina, gidan da muka sauka ni da Innarka. Tsorona ke nan, kada yarinyar nan ta je Kano ta dawo ba ta ga komai ba sai bangon tsakar gida. Na san ana yin haka, don ni na yi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami da kaina na rubuta maka da ajami, don akwai maganar da ba na so ta bi ta bakin Zainabu.

Ka tuna tafiyarmu? Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai ce, kana ɗan shekara takwas, muka bar ka wajen kakarka kana ta kuka. Kwana biyar muka yi a Kano. Bari in jero maka shirmen da na tafka, ka ɗebi abin da zai amfane ka.

Tun a kan iyaka na fara. Katin shaidata da takardar allura da ta izinin ƙetarewa, duk na naɗe su a tsumma na sa a can ƙasan akwati don kada su ɓace, na ɗora kaya, na ɗora kilishin tsaraba a sama. Da muka isa wajen 'yan duwan, wato kwastan, aka ce kowa ya nuna takarda, sai ga ni durƙushe a bakin titi ina fitar da kaya ɗaya bayan ɗaya, fasinjoji suna tsaki, karnukan garin kuwa sun ji ƙanshin kilishi sun kewaye ni. Ku ta Kolofata za ku bi ku faɗa Maiduguri, amma ma'aikacin iyaka halinsa ɗaya ko'ina. Takardunku su kasance a aljihun gaba, na Hadiza kuma a hannunta, ta amsa sunanta da bakinta.

Sai maganar saƙo. Da aka ji a unguwa za mu Kano, gidanmu ya koma tasha. Ashe kowane Bahaushen Garwa yana da ɗan'uwa a can. Wannan ya kawo busasshen kifin Binuwai, wancan ya kawo zuma, wata ta kawo takarda. Ni kuma kunya ta hana ni cewa a'a. Wata tsohuwa ta ba ni kifi in kai wa ƙanenta da rabonta da shi shekara talatin. Na ce, "Iya, a ina yake?" Ta ce, "A Fagge, kusa da wani masallaci, akwai darbejiya a ƙofar gidan." Abba, duk masallacin da na je a Fagge akwai darbejiya kusa da shi. Yini guda na yi ina yawo da kifi a kafaɗa, ƙuda suna raka ni.

Gidan da na samu kuwa, ba a barin baƙo ya tafi haka. A kawo ruwa, a kawo fura, a ce ai tuwo ya kusa. Ranar nan sau biyar na ci abincin rana. A gida na biyar da aka ajiye mini kwano aka buɗe, wallahi sai da idona ya kawo ruwa, mai gidan ya ɗauka tunanin gida nake. Kwana biyu cikin biyar haka suka tafi.

To kai, duk wanda ya kawo saƙo, in ba shi da sunan unguwa da sunan mai gida, ka ba shi haƙuri tun a Marwa. Sauran ka tara su wuri ɗaya, ka damƙa wa mutanen gidan Alhaji Tanko, sun fi ka sanin lunguna. Manyan da dole ka gaida da ƙafarka ba su fi uku ba, ka haɗa su a yamma ɗaya, kuma kada ta zama yammar farko. In an kawo abinci ka yi loma uku, ka yaba miya, ka yi addu'a, ka nemi takalminka.

Kuskure na gaba shi ne wanda har yau in na tuna nake jin haushin kaina. Na bar shanu a Garwa, na ƙetare ƙasa guda, na je Kano kallon shanu. Rana ta uku tun da hantsi ina kara, kasuwar shanu, ina buɗe bakin bijimai ina duba haƙora, ina musu da dillalai a kan ko shanun Adamawa sun fi nasu tozo. Ban saya ba, ban sayar ba. Daga nan na ce a kai ni mayanka in ga yadda suke fiɗa. Ina nan tsaye ina gyara wa wani mahauci riƙon wuƙa har aka kira azahar. Wanda duk ya tambaye ni me na gani a Kano, in zan faɗi gaskiya, saniya na gani.

Kada ka yi mini dariya, don a takardarka na ji makarantu biyu da kantin littattafai. Allo baƙi ne a Marwa, baƙi ne a Kano, yara kuma ko'ina hanci suke sharewa da hannun riga. Ka soke makarantun nan. Kantin littattafai na bar maka, amma awa ɗaya, kuma Hadiza ce za ta riƙe agogo.

Wurare goma sha uku ba na mai hutu ba ne. Ka rage su koma shida. Ɗaya da safe kafin rana ta yi zafi, ɗaya bayan la'asar, tsakani ku ci abinci ku miƙe ƙafa. Kasuwar Kurmi kaɗai ta isa ta cinye muku safiya, don mai shiga ba ya fita ta inda ya shiga. Marinar Ƙofar Mata da ganuwa ana iya haɗa su. Gidan tarihi ku je ran da hadari ya haɗu, tunda shi yana da rufi. Ka tuna hutunku a damina ya faɗo, ruwan sama kuwa ba ya karanta Faransanci. Rana ta huɗu ka bar ta fara fat, kada ka rubuta mata komai. Za ku ga abin da ya burge ku kuna son komawa, ko wani ya ba ku labarin wurin da ba ka taɓa ji ba.

Game da tufafi, ka sa abin da jikinka ya saba da shi. Ni sabuwar riga na ɗinka musamman don mutanen Kano su san Garwa ma gari ne. Ruwan ɗorawa ce mai haske, na ɗora jar dara a kai. Telan ya rantse mini haka manya suke sawa. Alhaji Tanko yana ganina ya ce, "Sale, ai kai ko a tsakiyar Kurmi ka ɓace ba sai an yi cigiya ba." Duk inda na bi yara suna nuna ni. Amma taurin kai ya sa na ƙi cire ta, kullum ita nake sawa. Ka riƙe maganar rigar nan, za ta dawo.

Yanzu ga babbar maganar.

Innarka a hannun kakarta ta tashi, Iya Gambo. Ita Iya Gambo 'yar Kano ce, a gindin Dala aka haife ta, tana yarinya aka taho da ita Garwa cikin ayarin fatake, ba ta sake komawa ba. Kullum labarinta ɗaya ne, yadda suke hawa dutsen da ƙawayenta su ga birni gaba ɗaya a ƙarƙashinsu, da soraye da kududdufai da dabinai, har ganuwa ta zagayo. Innarka da wannan labari ta girma. Da na ce mata za mu Kano, ba ta roƙe ni atamfa ba, ba ta roƙe ni kwanuka ba. Cewa ta yi, "Malam, abu ɗaya nake so. Ka kai ni in hau Dala in ga abin da Iya ta gani." Na ce, "Wannan ai ba wani abu ba ne, gidan da za mu sauka ma a gindinsa yake."

Abin da ban lissafa ba shi ne yadda ake saukar baƙi a birni. Muna isa ƙofar gida mata suka fito soro suka karɓi Innarka da murna suka yi ciki da ita. Ni aka shimfiɗa mini tabarma a shagon waje. Shi ke nan. A kwana biyar ɗin nan ban taka tsakar gidan ba, don baƙo namiji ba ya wuce zaure, ita kuma ba ta fito ba. Sau uku kacal na gan ta, a bakin ƙofar ciki, a tsaye. Duk sau ukun tambayarta ɗaya, "Malam, yaushe za mu hau?" Ni ma amsata ɗaya, "Gobe in Allah ya so."

Ba wai ban gwada ba. A daren farko bayan isha'i na ce wa Alhaji Tanko ina so in fita da iyalina mu ga dutse. Ya kwashe da dariya a gaban mutanen da ke zaure, ya ce, "Ashe gaskiya ne ku mutanen Faransa da matanku kuke yawo a titi? A nan birni matar aure ba ta fita rana tsaka, Sale." Kowa ya yi dariya. Ni kuma don kada a ce Bahaushen Kamaru ya zama Nasara, sai na ce ai wasa nake. Ba mugunta ya yi ba, al'adar gidansa ya faɗa. Da na ce masa alkawari na yi, na tabbata da ya nemo mana hanya. Ni ne ban faɗa ba.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ran nan da muka dawo daga kara da la'asar, muna zuwa gindin dutsen Alhaji Tanko ya ce mu hau mu duba ko garken da yake jira daga arewa ya ɓullo. Na bi shi. Ko numfashi ban sauya ba muka kai sama, don hawan ba shi da tsawo. Abba, Iya Gambo ba ta yi ƙari ba. Birnin nan duka yana shimfiɗe, hayaƙin girki yana tashi, kududdufai suna ƙyalli. Na tsaya na sha kallo, na sa hannu a goshi ina neman ƙurar shanu. Sai da muka fara saukowa na tuna da wadda ta roƙe ni wannan wuri. Na ce a raina ba komai, ranar ƙarshe da asuba zan kawo ta, ba sai ta san na riga ta ba.

Ranar ƙarshe kuwa tun kafin a idar da sallar asuba mai mota ya aiko wai ya cika, mu kaɗai ake jira. Muka fito a gurguje. Innarka ta zauna a bakin taga tana kallon dutsen har kwana ta ɓoye shi.

Shekara goma sha takwas ke nan. Ka sha ji da kunnenka, duk wanda ya dawo daga Kano ya shigo gaishe ta, kafin ta tambayi tsaraba sai ta ce, "Kun hau Dala?" Ba ka taɓa lura ba, a duk lokacin nan ni rediyo nake kamawa in yi ta murɗawa. Na yi ta cewa zan mayar da ita, bana ciniki, baɗi aure, har gwiwoyinta suka kai inda dakalin ƙofar gida ma sai ta dafa bango.

Don haka ka saurare ni. Tun kafin ku bar Marwa ka zaunar da Hadiza ka tambaye ta me take so ta gani. Za ta ce, "Duk inda ka ce." Wannan ba amsa ba ce, ladabi ne. Ka sake tambaya, sannan ka yi shiru, kada ka cika mata baki da naka jerin. Abin da ta faɗa, ko da gidan namun daji ne, ko filin jirgin sama, ko layin masu lalle, ka rubuta shi a sama.

In kun isa, tun kana shan ruwan sauka, kafin mata su yi ciki da ita, ka ce wa Alhaji Tanko, "Baba, Hadiza ganin gari ta zo, kullum da ita zan fita." Zai yi dariya, zai kira ka Bafaranshe ɗan Bafaranshe. Ka bar shi ya yi, ba ta wuce ta shan shayi ɗaya ba. Ka roƙi uwargidansa ta raka ku, ko ta haɗa ku da wata dattijuwa, Hadiza ta yafa mayafinta, ku fita da sanyin safiya. Da haka ka kiyaye mutuncin gidan mutane, ka kuma cika alkawarinka. Dala kuwa safiyar farko da gari ya waye babu hadari, ku hau. Abin da aka ce sai ranar ƙarshe, na mai mota ne.

A nan na tsaya da rubutu jiya Laraba. Da na ajiye alƙalami sai na ga bai dace ɗa ya san abin da uwarsa ba ta sani ba. Bayan la'asar na shiga ciki, na same ta a kan tabarma tana mulmula muku dakuwar guzuri. Na zauna, na yi gyaran murya ya fi sau uku.

Ta ce, "Malam, in tari ne ga ruwa can."

Na ce, "Magana ce. Kin tuna zuwanmu Kano?"

Ta ce, "Wanda ka je gaida shanu?"

Na haɗiye wannan. Na ce, "Akwai abin da na ɓoye miki. Ni fa na hau Dala. Ran nan da muka dawo daga kara. Ki yafe mini."

Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ci gaba da mulmula. Ta ce, "Ran Talata, bayan la'asar."

Na ce, "Wa ya faɗa miki? Tanko?"

Sai ta ajiye dakuwar ta yi dariya har tana share ido da gefen zane. Ta ce, "Wa zai faɗa mini? Kai da ba ka shiga tsakar gidan ba, ba ka san daga bakin murhunsu ana ganin kan dutsen tar ba. Muna tsintar shinkafa uwargida ta ce, 'Ke, wancan mai ruwan ɗorawa da jar dara ba mijinki ba ne?' Duk matan gidan suka fito kallo. Kana tsaye ka sa hannu a goshi kamar mai neman wata."

Na ce, "Shekara goma sha takwas kina sane, ba ki ce komai ba?"

Ta ce, "To wa kake tsammani nake yi wa tambayar nan in baƙi sun zo? Ni ina son ganin yadda kake murɗa rediyo." Sannan ta ce, "Hawan da ka yi bai dame ni ba, Malam. Na ma ji daɗi wani namu ya taka wurin. Abin da ya tsaya mini shi ne, na ɗaga maka hannu har ya gaji. Ka kalli gabas, ka kalli arewa, ko sau ɗaya ba ka waiwayo wajen gidan da ka bar ni ba."

Abba, na sha ciniki da mutane masu kaifin baki, ban taɓa haɗuwa da kamar Innarka ba. Kunya ta rufe ni, tausayinta ya kama ni, kuma duk da haka na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Na ce zan sa ka ɗauko mata hoto daga sama. Ta ce ba ta son hoto, kuma ba ta son labari daga bakinka, don ku maza in an tambaye ku sai ku ce, "Mun hau, da kyau," shi ke nan. Ta ce Hadiza ta hau ta buɗe ido da kyau, ta ƙirga dabinan da ke gindin dutsen ta yamma, inda gidan su Iya Gambo yake, in kun dawo ku biyo ta Garwa ta zauna ta ba ta labari dalla-dalla. Ta yafe mini, ta kuma ba ni dakuwa biyu, amma ta ce kada in saba.

Saƙon Innarka ke nan, kuma shi kaɗai ne saƙon da ban yarda ka damƙa wa kowa ba.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya, da sharrin ƙarfe, da ruwan da ke yanke gada. Allah ya haɗa ku da mutanen kirki, ya sa albarka a zamanku. Ka gaida Alhaji Tanko da iyalinsa, ka ce mai ruwan ɗorawa yana gaisuwa. Ka gaida Hadiza da kyau. In kun zo hawa, ita ce a gaba, kai kana biye. In kun kai sama, kafin ka kalli gabas ko arewa, ka fara duba tana ina.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Alhaji Sale mai shanu, Garwa.